Motar da ta Fi Gudu

Legas,
farkon watan Satumba.

Zuwa ga yayana Malam Abdurra'uf, a Isa.

Assalamu alaikum. Shekara shida ke nan rabona da gida, tun safiyar da ka raka ni tasha kana faɗa mani in riƙe salla in guji rance. Sallar dai na riƙe.

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da iyali da ɗalibanka na Islamiyya. A gaida mani mahaifiyata Inna Larai, wadda ka ɗauko daga Kamarawa ka ba ta ɗaki a gidanka tun da zaman ƙauye ya gagara. Ita da mahaifinka ɗiyan wa da ƙane ne kawai, ba dolenka ba ne, kuma ban manta ba. Ni lafiyata lau, sai bayan nan da ke riƙe ni in na daɗe a sitiyari.

Hafizullahi mai motar shanu ya kawo mani takardarka da saƙon kuɗin. Tun da sabis ɗin waya ya ɗauke can wajenku mun koma zamanin biro, to ka yi haƙuri da rubutuna. Na karanta cewa ka saida gonar fadama da shanun huɗa domin ɗanka Muzammilu shi samu motar haya tsakanin Isa da Sabon Birni har Sakkwato. Ka ce in nemo ƙaramar jif mai tsawon ƙafa, irin ta Bawa direba, domin kowa ya ce ta fi ƙarfi.

Yaya, ban sayi jif ba. Salun na saya, ƙaramar mota mai ƙasa-ƙasa, 'yar Kwatano, ruwan toka. Kada ranka shi ɓaci sai ka ji dalili.

Aikina a garin nan ka san shi. Ba ni da mota ko ɗaya, amma ni ke fiddo motocin mutane daga tashar jirgin ruwa in kai filin sayarwa, in wanke, in zagaya da mai saye. Abin da ya bi ta hannuna ba shi ƙirguwa. Kuɗinka ya isa ɗaya cikin biyu da ke filinmu, jif ko salun, kuma injinsu iri ɗaya ne, girma ɗaya, shekara ɗaya. Ranar Lahadi da safe, titi ba kowa, na roƙi wani abokin aikina Bayarabe munka fita da su. Munka daidaita hancinsu ga wata fitilar titi, ya ɗauki jif na ɗauki salun, munka taka tare. Kafin mu kai gada sai a madubi nike ganinshi. Ya ce ƙafata ce ta fi tashi zafi. Munka yi musanya. Wanga karo ni ne a jif, tana ruri kamar za ta cinye titin, shi ko yana can gaba yana ɗaga mani hannu ta taga.

Abin ba sihiri ba ne. Inji ɗaya, amma jif na ɗauke da bodi mai nauyi, ga tsawo tana karo da iska. Kamar jakai biyu ne uwa ɗaya, an ɗora ma ɗaya buhu guda, ɗayan buhu da rabi.

Ina jin labarin hanyoyinmu a rediyo. In mutanen daji sunka fito ma yaron nan kan titi, Allah shi kiyaye, motar da ke barin wuri nan take nike so ƙarƙashinshi, ba mai kuwwa ba. Ga shi ba ta shan mai kamar waccan. Ta fi arha kuma, sauran kuɗinka na ɗaure na ba Hafizullahi, ko kuɗin shayi ban cira ba. Wani direba da na yarda da shi za shi kawo ta har ƙofar gida.

Ƙanenka,
Na'Allah.

*

Isa,
ƙarshen watan Satumba.

Zuwa ga ƙanena Na'Allah.

Wa alaikumus salamu wa rahmatullahi. Muna nan lafiya, alhamdu lillahi. Gwaggo Larai ta yi 'yar mashasshara, ta sha magani ta tashi, jiya ma ita ta daka yajin gidan nan ta ce na matata ba shi da kai. Ka riƙa shafa man zafi a bayan nan, kada ka raina shi.

Mota ta iso, sauran kuɗi sun iso. Allah shi saka maka da alheri, ka yi wahala. Idanuna ba su ɗaukar ƙananan rubutu yanzu, Muzammilu ne ya karanta takardarka a tsakar gida bayan la'asar kowa na ji. Da anka zo wurin jakai biyu Gwaggo ta yi dariya har da tari, ta ce bakin ubanka ne sak.

Za ni faɗa maka yadda ta kasance a tasha, domin ka ji daga gare ni ba daga wani ba. Da Muzammilu ya kai ta, direbobi sunka kewaye ta. Bawa ya duƙa ya leƙa ƙarƙashinta ya daɗe, ya miƙe yana kaɗe gwiwa, ya ce, "Malam, wagga ai ta ɗaukar amarya ta. Ina za a sa buhun gero, a cinya?" Anka yi dariya. Sai Baba Zaidu, shugaban direbobi, ya ce a bari shi gwada yadda ya saba. Shi gwajinshi ɗaya ne, shi zauna gaba a ja shi zuwa bakin kasuwa a dawo. Ya shiga ta Bawa, ya shiga tamu. Da ya fito ya ce, "Ta Bawa in ya taka, hulata ƙeya take komawa. Wagga ko kamar ina zaune bisa tabarma ana jana a hankali. Ina ƙarfin da anka ce?" Muzammilu ya ce mashi, "Baba, ka duba maleji mana." Ya ce shi bai yi boko ba, bayanshi ne malejinshi.

Wani daga baya ya ce ƙila ɗan Legas ya ga rangwame ne ya yi dabara. Ban bar maganar ta kwana ba. Na ce masu canji ya zo cif, kuma wanda bai ga abu ba kada shi ɗauki zunubinshi.

Ba za ni ɓoye maka ba, da ka aiko ka tambaye ni kafin ka biya, da na ƙara maka bayani. Amma an riga an yi, kuma da kyakkyawar niyya ka yi. Muna jiran takardu su kammala ta fara lodi. Allah shi sa ta iya da hanyarmu.

Gwaggo tana nan wurinmu, kuma ko yaya motar ta kasance, tuwonta ba za shi ragu ba. Ka kwantar da hankalinka.

Yayanka,
Abdurra'uf.

*

Legas,
watan Oktoba.

Malam,

Salamu alaikum. Ina gaida kowa. Na ji daɗi Inna ta warke. Bayana na nan yadda shike.

Na karanta takardarka sau uku ina zaune bisa taya a bakin fili. Wato ni ne ɗan Legas mai dabara. Na bar aikina kwana da kwanaki ina leƙa ƙarƙashin motoci, na sha zagin maigidana, na ci garin rogo da ruwa don kada in taɓa ko sisi naka, sakamakon ke nan a tsaya tasha ana auna amanata. Na gode da ka kare ni. Amma da ba ka ga alamar gaskiya a maganar ba, mi ya sa ka rubuto mani ita?

Hular Baba Zaidu kuma, bari in gaya maka abin da ke tura ta ƙeya. Masu ƙera jif sun san irin mutanen da ke sayenta. Sun yi totur ɗinta yadda da ka ɗan taɓa sai ta zabura, ka ce aljani ne a ciki, amma ka ci gaba da takawa ka gani, ba sauran komi, ta riga ta ba ka duk abin da take da shi a taku na farko. Ƙafafunta dogaye ne masu laushi, in ta tashi sai hanci shi ɗaga, gindi shi zauna, wanda ke ciki shi ji an jefa shi baya. Ga ruri, domin inji na wahala da nauyi. Jiki shi ji girgiza, kunne shi ji kuwwa, sai zuciya ta ce ƙarfi ne. Salun ba ta ɗaga hanci, ba ta kuka, tafiya kawai take yi. Na ga manyan mutane masu digiri a filin nan sun rikice da haka, to ba laifin Baba ba ne. Amma ƙeya ba ta auna mota.

Ka gaya ma Muzammilu, in namiji ne shi daina sunkuyar da kai. Shi kira Bawa gaban mutane, su sami kwalta miƙaƙƙiya, su daidaita hanci, kowa da mutum huɗu a ciki. In jif ta riga shi, na yarda a kira ni ɓarawo daga Isa har Kurawa.

Saura magana ɗaya, ita ce ta hana ni barci. Ka ce ko yaya motar ta kasance tuwon Inna ba za shi ragu ba. Wa ya ce za shi ragu? Mutum ba shi ambaton tuwon baƙo sai in ya fara ƙirga lomarshi. Na san shekara uku tana cin naka, na san abin da nike aikowa bai taka kara ya karya ba, ba sai an tuna mani a ƙasan takarda ba. In nauyinta ya ishe ku, ku faɗa mani kai tsaye. Za ni san inda za ni sa uwata, ko da ɗakin kwanon da nike kwana ne mu huɗu.

Ban ce ba ka yi muna alheri ba. Ka yi, wanda 'yan uwanta na kusa ba su yi ba. Shi ya sa abin ya yi mani zafi.

Na'Allah.

*

Legas,
watan Nuwamba.

Yaya Malam,

Salamu alaikum. Ina fatan kuna lafiya. Hafizullahi ya zo Legas sau biyu bai kawo mani komi ba. Na tambaye shi, ya ce kowa lafiya, ya juya yana duba tayarshi. Na gwada lambar Muzammilu ta layin Nijar ko ya hau tudu ya samu sabis, ba ta shiga.

Wancan makon ina wanke wata mota sai wani abu ya faɗo mani, har soso ya suɓuce daga hannuna. Ka rubuta mani cewa a tsakar gida ake karanta takardata kowa na ji. Na karanta wanga da idona sau uku, amma da na zauna rubutu sai na manta.

Don Allah ka gaya mani, Inna na wurin?

Ƙanenka,
Na'Allah.

*

Isa,
watan Nuwamba.

Zuwa ga Baba Na'Allah.

Assalamu alaikum Baba. Ni ne Muzammilu. Ina gaishe ka da aiki, ya jikin naka? Mu nan lafiya, matata Firdausi ma na gaishe ka. Malam bai san na rubuto ba. Ya fara shibta mani amsa har sau biyu yana cewa in yage.

Ka tambaya ko Inna na wurin. Tana wurin, Baba. Ni ke karatu, ban san abin da ke gaba ba. Da na hango inda maganar ta nufa na tsaya na ce rubutun ya cuɗe. Ta ce, "Kai, ɗan nema, ni na haife shi, karanta mani abin da ya ce." Na dubi Malam, ya sunkuyar da kai. Na karanta. Ta tashi ta shiga ɗaki. Da safe munka tarar ta ɗaure kayanta a zane, da tabarma da butarta, ta ce a kai ta Kamarawa, ita ba ta san ana ƙirga mata loma ba sai da ɗanta ya faɗa daga Legas, to ƙila shi ya ji wani abin da ita ba ta ji ba. Ka san Kamarawa yanzu, unguwarsu ba kowa sai ƙofofi. Har yau kayan na ɗaure, kullum sai ta tambaya ko an samu mai mashin.

Maganar tsere kuma, na yi yadda ka ce. Ranar kasuwa na tare Bawa na ce, "Baba Bawa, motar amarya na gayyatarka." Ya ce, "Yaro, ka ci abinci dai ko?" Munka tafi inda kwalta ta rage mai kyau wajen fita gari, rabin tasha sunka biyo mu. Wallahi Baba gaskiyarka. Tashin farko ya zabura ya riga ni da tsawon hanci, mutane sunka yi ihu. Ban kai ga canza giya ta uku ba na wuce shi kamar yana tsaye. Baba Zaidu na bayana a zaune, hularshi ba ta motsa ba, sai salati shike yi. Ranar na ji daɗi, ba za ni yi ƙarya ba. Amma da yamma anka aiko kiran Malam ofishin direbobi, wai ɗan malami na tsere ranar kasuwa da mutane cikin mota. Malam da ake zuwa gaishe shi, shi ya tsaya gabansu yana ba da haƙuri.

To Baba, ga abin da nike ganin ba ka sani ba. Hanyar da ka bari babu ita. Yanzu ba mai fita shi kaɗai. Da safe duk motoci ke taruwa bakin gari a jira masu rakiya, a jera, a tafi ayari ɗaya. Ba a wuce na gaba, wanda ya wuce a maido shi gida. Gudun kowa shi ne gudun tsohuwar roka, babbar motar nan mai buhuna, da ke gaba. Tun da na fara ban taɓa sa giya ta huɗu ba.

Sannan ruwa ya cinye kwalbatin da ke tsakaninmu da Sabon Birni tun bara waccan. Sai an sauka ta cikin rafi, yashi ne zalla. Manyan motoci sun haƙa ramin taya biyu, tsakiya ya yi tudu. Jif in ta bi, tudun na wucewa ƙarƙashinta. Tamu ranar farko ta hau ta zauna bisa cikinta, tayoyi na juyawa a banza. Kuma nan ne daidai wurin da ba a son tsayawa, daji ne hagu da dama. Motoci sun fi ashirin a bayana, ba hanyar kaucewa. Masu rakiya sunka sauko da bindigogi suna duban itatuwa, ɗayansu na cewa in yi sauri. Fasinja sunka fita, har mata, wata tsohuwa na turi tana karanta Ayatul Kursiyyu da ƙarfi. Wani daga baya ya ɗaga murya ya ce, "Ina mai tseren? Taka mana mu gani!"

Bawa ne ya dawo da baya ya ɗaura igiya ya fizge ni. Ya kwance igiyarshi ya koma motarshi. Da ya zage ni da ya fi mani sauƙi.

Na sake gwadawa da mutum uku kacal, ta wuce da ƙyar tana gurzar ciki. Zuwa na huɗu dutse ya fasa kaskon baƙin mai da ke ƙarƙashin inji, anka jawo mu gida. Baba Zaidu ya ce ba gaba ba ce, amma ba za ta sake shiga ayari ba sai an yi mata wani abu, domin ran mutane da yawa ba za shi tsaya a rafi saboda mota ɗaya ba. Tana ƙofar gida an rufa mata tabarmi. Gona ta tafi, shanu sun tafi, mota na kwance.

Ban rubuto don in ɓata maka rai ba. Na ga ana ta shiru kai kuma kana can ba ka san komi ba.

Ɗanka,
Muzammilu.

*

Isa,
farkon watan Disamba.

Ƙanena Na'Allah,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya. Yaron nan ya faɗa mani ya riga ni, na yi mashi faɗa, amma ƙila gara haka.

Na yi fushi da kai, shi ya sa na yi shiru, ban son in rubuta abin da za a karanta a tsakar wani gida in ji kunya. Maganar tuwo, na faɗe ta ne don na san halinka, na san za ka kwana kana tunanin in mota ba ta yi ba uwarka za ta tagayyara. Iyakar nufina ke nan, Allah shaida.

Ni ma da nawa. Na ce maka jif ta fi ƙarfi domin haka nike ji ana faɗi, ban ce maka rafi ba, ban ce maka ayari ba. Mun saba da su har mun manta akwai wanda bai taɓa gani ba.

Gwaggo ta kwance tabarma da buta, amma ƙullin tufafin na nan bakin ƙofa. Na zauna ƙofar ɗakinta na rantse mata, ta ce ta ji nawa, saura na wanda ya fara maganar.

Wani bakanike a Sabon Birni ya ce ana iya ɗaga motar, a sa mata manyan tayoyi da dogon sifirin da faranti na ƙarfe a ƙarƙashin cikinta. Kayan ne babu a nan, kuma da tsada. Za mu jira mu ga abin da Allah za shi yi. Kada ka aiko komi.

Yayanka,
Abdurra'uf.

*

Legas,
watan Disamba.

Zuwa ga yayana Malam Abdurra'uf.

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Ina gaida kai da iyali da ɗalibai, da Muzammilu da Firdausi. Ni lafiya. Wagga takarda a karanta ta a tsakar gida, inda anka karanta waccan, kuma Muzammilu kada ka tsallake ko layi ɗaya.

Inna, ni ne. Ba wanda ya gaya mani ana ƙirga maki loma. Ba Malam ba, ba matarshi ba, ba wani mai zuwa Legas ba. Ni na ƙirga, nan inda nike zaune, domin na san ba ni ke ciyar da ke ba, sai na ɗauki kunyata na shafa ma mutumin da ke yi. Ki kwance ƙullin nan don girman Allah. In kin koma Kamarawa saboda bakina, ban san inda za ni sa kaina ba. Ki yafe mani.

Yaya, kai ma ka yafe mani. Ka tsaya gaban direbobi saboda ni, abin da ko a mafarki ban so ba. Ka ce kai ma da naka, to naka ƙarami ne. Ka ce jif, da na sayi jif ko na aiko na tambaya, da yanzu yaron na lodi. Ni na zauna nan ina auna motoci bisa titin Legas, ina tuna hanyar da na sani da kwaltarta, na ɗauka tana nan tana jirana. Na san abin da ke cikin inji, ban san garinmu ba.

Muzammilu, ka je wurin Bawa ka ce Na'Allah na gode mashi da igiya. Ka ce ma Baba Zaidu hukuncinshi daidai ne, ko ni ne haka za ni yanke. Amma kada ka ce mashi na janye maganar hula, domin ban janye ba. Salun ta fi jif tashi, ka gani da idonka. Sai dai ba ta da inda za ta tashi ta je.

Na nemi a musanya ta da jif, maigidana ya yi dariya, ya ce motar da ta je Arewa ta fasa ciki rabin kuɗi ma alfarma ne. Saboda haka na bi shawarar bakaniken. Hafizullahi na ɗauke da tayoyi huɗu manya, da sifirin, da kaskon mai, da farantin ƙarfe da na sa anka yanka daidai cikinta, na kwanta ƙarƙashin irinta na auna da kaina. A ɗaure farantin da kyau, kada a yi walda a jikin inji.

Ka sani tun yanzu, in an gama ba motar da ka yi tsere da ita ba ce. Za ta yi nauyi, za ta ƙara shan mai, za ta riƙa kuka, in ka taka sai ta yi tunani kafin ta tafi. A kwana kuma ka rage gudu, domin za ta riƙa rangaji. Bawa za shi wuce ka ko da ƙafa ɗaya shike tuƙi. Ka bar shi shi wuce. Ƙila ma Baba Zaidu shi ce yanzu ta yi ƙarfi, in ya faɗa ka ce mashi na'am.

Yaya, ka ce kada in aiko komi, na saɓa maka karo na biyu, wanga kam ka yi haƙuri da shi. Na so in zo da babbar salla mai zuwa, ba za shi yiwu ba. Ina faɗa ne don kada Inna ta sa ido a hanya, kuma kada wani a tasha shi ce ɗan Legas na da wata ajiya. Duk abin da na iya tarawa tun zuwana garin nan naira dubu ɗari uku da arba'in da shida ne. Kayan mota sun ci dubu ɗari biyu da saba'in da biyar. Dubu hamsin na cikin ambulan, ladan bakanike da baƙin mai. Saura dubu ashirin da ɗaya a hannuna.

Ƙanenka,
Na'Allah.